Kafin sanyi ya kama: yankan reshe da ajiye fulawa a hunturu

Duk mai ajiye fulawa a wurin da sanyin hunturu ke kaiwa har ya daskarar da ruwa ya san zullumin da ke zuwa da kaka, rana ta fara gajarta, dare ya fara cizo, kai kuma kana tsaye kana ƙirga tukwane kana lissafin wacce za ta samu wuri a ciki wacce za a bar wa Allah. Ina magana ne a kan irin su hibiskas mai manyan furanni, da bugenbiliya, fushiya, lantana, jeraniyum, oliyanda da kuma burugmansiya wacce furanninta ke rataye kai ƙasa suna ƙamshi da daddare. Duk daga wurare masu ɗumi aka kwaso su. Bugenbiliya daga Burazil Turawa suka fara kai labarinta gida a shekarun 1760, jeraniyum ɗin da ake sawa a tukunya yawancin kakanninsa 'yan Afirka ta Kudu ne, fushiya galibi ta Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ce, burugmansiya ma daga Amurka ta Kudun take. Mafi yawansu ba su taɓa sanin ƙanƙara a gidan ubansu ba.

Ni dai abun da na yarda da shi shi ne, wanda ya yanki rassa tun ƙarshen lokacin zafi ya kafa su a ƙananan tukwane ya riga ya gama rabin aikin hunturu, ko da uwar ta mutu bai yi asara ba. Sauran rabin aikin kuma yana hannun butar ban ruwa, dan a cikin gida ruwa ne ya fi kashe su ba sanyi ba.

Amma bari mu fara da sanyin. Ganye cike yake da ruwa, idan zafin iska ya sauka ƙasa da sifiri sai ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin halittar ganyen ya daskare, ƙanƙarar ta dinga janyo ruwan da ke cikin ƙwayoyin tana yaga su, gari na wayewa rana ta haska sai ka ga ganyen ya yi laɓo-laɓo ya koma baƙi, shikenan babu mai dawo da shi. Daren da ya fi haɗari ba mai gajimare da iska ba ne, wanda sama ta yi tas taurari sun fito fes kuma iska ta kwanta shi ne abun tsoro, saboda gajimare yana riƙe ɗumin da ƙasa ke fitarwa, in babu shi ɗumin sama yake tafiya. Kuma ku lura masu hasashen yanayi ba a ƙasa suke auna zafi ba, na'urar tana ɗage kusan mita ɗaya da rabi zuwa biyu, dan haka in wayarka ta ce digiri 3 a ma'aunin Salshiyas za a kwana, to ƙasan da tukunyarka ke zaune zai iya kaiwa sifiri. Shukar tukunya ma ta fi ta cikin ƙasa shan wahala tunda sanyi ta ko'ina yake shigar saiwarta. Wasu kuma ba sai an kai sifirin ba, hibiskas da zarar dare ya dinga sauka ƙasa da 10 zai fara zubar da toho ganye na yin ɗorawa.

In kana sayen shuka mai ɗauke da takarda ka duba ta. A Birtaniya ƙungiyar masu lambu ta RHS tana sa alama daga H1a zuwa H7, H1b na nufin kar ta ga ƙasa da 10 zuwa 15, H1c 5 zuwa 10, H2 kuma 1 zuwa 5, H3 za ta iya jure har -5. A Amurka taswirar shiyyoyin sanyi ce ta ma'aikatar noma, tun 1960 ake fitar da ita, an sabunta ta a 2023. Suna taimakawa, amma ƙaramin ma'aunin zafi mai nuna mafi ƙanƙantar abun da aka kwana a kai, ka ajiye shi a daidai inda tukwanen suke, ya fi duk wata takarda faɗa maka gaskiya.

To maganar yanka. Lokacin da ya fi shi ne ƙarshen zafi, a arewacin duniya wajen Agusta zuwa farkon Satumba kenan, lokacin rassan bana sun fara ƙwari daga gindi amma kansu na da laushi. Ka lanƙwasa reshen a hankali da yatsa, in ya naɗe kaman zare ya yi ɗanye da yawa zai ruɓe kafin ya yi saiwa, in ya ƙi lanƙwasuwa sam ya tsufa zai ɗau lokaci, na tsakiyar ake nema. Ka samu wanda babu fure a kansa, in duk suna da fure to ka tsinke furen da tohonsa kar ka ji tausayi, reshen ba zai iya ciyar da fure kuma ya yi saiwa a lokaci ɗaya ba. Da safe ake yanka lokacin da shukar ta ƙoshi da ruwa, kuma in za ka daɗe kana zagaye ka jefa su a leda kar su yi yaushi a hannunka.

Tsawon santimita 8 zuwa 12 ya isa. Sai ka kawo reza ko wuƙa mai kaifi da ka goge da sifirit, ka yanka daidai ƙasan gaɓa, wato wurin da ganye ke fita daga jikin reshe, dan a nan ne sinadarin da ke sa saiwa fita ya fi taruwa. Almakashi mara kaifi murƙushe bakin yake yi, ta nan ruɓa ke shiga. Ka cire ganyen ƙasa duka ka bar biyu ko huɗu a sama, in manya ne irin na hibiskas ka raba kowanne biyu ka yar da rabin. Mutane na ganin kaman ɓarna ce amma ka tuna reshen nan bashi da saiwa ko ɗaya, duk ruwan da ganye ya fitar babu inda zai samo madadinsa.

Akwai wani garin magani da ake tsoma bakin reshe a ciki kafin a kafa shi, sinadarin da ke cikinsa yawanci IBA ne, tun 1935 wasu masu bincike a cibiyar Boyce Thompson da ke jihar New York suka nuna yana sa reshe fitar da saiwa. Ba dole ba ne ga fushiya da jeraniyum, waɗannan ko ba komai za su kama, amma bugenbiliya da hibiskas yana musu amfani sosai. Ɗan kaɗan ake so, ka zuba a murfi ka tsoma ka kaɗe, abun da ya rage ka zubar kar ka maida cikin kwalba. In ya yi yawa ƙona bakin yake.

Ƙasar da za a kafa su ita ce inda da yawa ke kuskurewa, sai mutum ya ɗebo ƙasar lambu mai nauyi ko ya cika taki wai dan su yi ƙarfi. Ba abinci reshen ke nema yanzu ba, iska yake nema da danshi. Rabi yashi mai tsakuwa-tsakuwa ko farin dutsen nan mara nauyi da ake ce wa falayit, rabi kuma ɓawon kwakwa da aka niƙa ko ƙasar shuka mai laushi, in ka damƙa a hannu ta haɗu ka saki ta warware to ta yi. Ka huda rami da fensir ka sa reshen kar ka tura shi da ƙarfi, ka jera su a gefen tukunya su huɗu ko biyar, ka ba su ruwa sau ɗaya sosai, sannan ka kifa farar leda a kai da 'yan tsinke da za su tokare ta kar ta taɓa ganye. Haske suke so amma banda rana kai tsaye, rana ta bugi leda na awa ɗaya dafa su za ta yi. Kullum ka buɗe ka girgiza ruwan da ya taru a jikin ledar, duk ganyen da ya faɗi ka ɗauke. In ƙasan tukunyar na samun ɗumi wajen digiri 20 zuwa 24 saiwa ta fi saurin fita, shi ya sa ake sayar da tabarmar nan mai lantarki, duk da a Agusta ba lallai ka buƙace ta ba.

Jeraniyum ne ba ya shiga wannan dokar. Reshensa na da kauri da ruwa, kana rufe shi da leda gindin zai yi baƙi ya ruɓe ya faɗi. Shi yanka shi za ka yi ka bar shi a inuwa na wasu awanni bakin ya bushe, sannan ka kafa a buɗe, ruwa kaɗan-kaɗan.

Daga nan sai haƙuri. Fushiya sati 2 zuwa 3 ta kama, jeraniyum da lantana wajen wata ɗaya, hibiskas wata ɗaya zuwa biyu, bugenbiliya kuwa sai ta ga dama, tana iya kai wata biyu zuwa uku kuma wasu ba za su taɓa kamawa ba duk iya yinka, dan haka in kana son biyu yanki goma. Don Allah a daina jan reshe ana dubawa, sabuwar saiwa ƙarama ce kana ja tana tsinkewa. In zuciyarka ba za ta iya jira ba ka kafa a kofin roba mai garai-garai da ka huda gindinsa, za ka ga farar saiwar da idonka ta jikin kofin. Sabon toho a sama ma alama ce amma ba kullum ba, wani reshen da ƙarfin da ya taho da shi yake toho alhali ƙasa babu komai.

Burugmansiya da oliyanda kuwa ko a kwalbar ruwa suna yin saiwa. Ita burugmansiyar abun kallo ce, bayan kwanaki sai ka ga wasu fararen ƙuraje sun feso a jikin reshen da ke cikin ruwa, mutum zai ɗauka funfuna ce, ba ita ba ce, a wajen nan saiwar za ta ɓullo. Kuma akwai dabara guda, ba ta fure sai gangar ta rabu biyu, to reshen da aka yanko daga saman wannan rabuwar yana yin fure da wuri tun yana gajere, na ƙasa sai ya yi tsawo ya rabu tukun. Amma fa su biyun nan guba ne tun daga ganye har saiwa, a sa safar hannu, a wanke hannu, a ɗauke kwalbar daga inda yara da kyanwa za su kai, kuma rassan oliyanda ba a ƙona su dan hayaƙin ma illa ne. Lantana ma 'ya'yanta ɗanyu da ganyenta na cutar da dabbobi.

Abun da ke burge ni a yanka shi ne abun da ka samu sak uwar ne, launi ɗaya girma ɗaya, saɓanin iri da yawancin waɗannan da aka yi wa aure ba sa fito da kamar iyayensu. Sai dai kuma ciwon uwa ma yana bin ɗa, shukar da ganyenta ke da dabbare-dabbare ko ya murɗe ba dalili kar ka yanka daga jikinta.

Yanzu ga manyan tukwanen. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake, dole ka san wacce ke iya barci wacce ba ta iyawa. Fushiya, burugmansiya, lantana da jeraniyum suna barci, in ka sa su a wuri mai sanyi wanda ba ya daskarewa, wajen digiri 4 zuwa 8, gareji ko ɗakin ƙasa ko wani sito, za su zubar da ganye su tsaya cak har bazara kuma ba sa buƙatar haske sosai tunda babu ganyen da zai yi aiki da shi. Ka rage musu tsawo kashi ɗaya cikin uku ko rabi, ka tsige sauran ganyen da kanka kar su zube a kan ƙasar su yi funfuna. Jeraniyum har fitar da shi ake daga tukunya a kaɗe ƙasar a sa a jakar takarda, ana samu ya rayu, ni dai ban cika son hanyar ba tunda da yawa bushewa suke, gara 'yan yankan da ke kan taga. Bugenbiliya tana tsakiya, wajen 7 zuwa 10 ya mata, za ta zubar da ganye ta yi kaman ta mutu, a bar ta a bushe-bushe kuma kar a taɓa saiwarta dan ba ta son a dame ta ko kaɗan. Oliyanda ba ta zubar da ganye, wuri mai sanyi da haske take so, ita ce ma ta fi sauran jure ɗan daskarewa na dare ɗaya.

Hibiskas ne ɗan rigima, shi ba ya barcin gaske. Ka sa shi a gareji mai duhu da sanyi sai dai ka ɗauko gawa. Taga mafi haske a gidan ita ce tasa, zafi kar ya sauka ƙasa da 12 zuwa 13, kuma ka sa a ranka cewa satin farko da ya shigo zai zubar da ganye da yawa saboda hasken ɗaki ko kusa bai kai na waje ba, ba ciwo ba ne kuma ba yunwa ba ce, kar ka ɗauko taki. Ƙananan yankan da suka yi saiwa suma haske suke so da ɗan sanyi-sanyi, wajen 10, kuma ga daɗinsu, tire ɗaya a bakin taga ya ɗauke ashirin alhali uwa ɗaya sai mutum biyu sun cicciɓa.

Wurin da ya fi ko'ina muni shi ne falo mai ɗumi nesa da taga kusa da hita. Ɗumin yana ce wa shukar tashi ki girma, hasken kuma babu, sai ta dinga fitar da dogayen rassa farare marasa ƙwari tana cinye abun da ta tara, kafin bazara ta ƙare tas. In ba ka da haske to ka ba ta sanyi, in ba ka da sanyi ka nemo mata haske ko da na fitilar shuka ne.

Sai ruwa, wanda shi ne asalin abun da ya sa na zauna rubutun nan. Shukar da ba ta da ganye kusan ba ta shan komai, ga sanyi ba ya bari ƙasa ta bushe, duk ruwan da ka zuba nan zai zauna ya kori iskar da ke tsakanin ƙasar, saiwa kuma numfashi take yi, in ta rasa iska sai ta mutu ƙwayoyin ruɓa su hau ta. Mugun abun shi ne shukar da saiwarta ta ruɓe yaushi take yi sak kaman mai jin ƙishi, mai ita ya ga haka hankalinsa ya tashi ya ƙara mata ruwa. Kafin ka zuba ka ɗaga tukunyar ka ji nauyinta, ka tura yatsa har gaɓa biyu, in akwai sanyin danshi ka ajiye butar ka tafi. Masu barci kofi ɗaya a sati 3 zuwa 4 yakan isa, iya dai kar ƙasar ta bushe ƙayau har ta janye daga jikin tukunya, fushiya musamman in ta bushe gaba ɗaya ba ta dawowa. Kar a bar ruwa a faranti ƙarƙashin tukunya, taki kuma a ajiye shi sai an ga sabon toho. In kana shakka ko tana raye, ka kankare ɓawon reshe kaɗan da farce, kore da danshi na nufin da rai, in ruwan ƙasa ne a bushe ka sauka ƙasa ka sake gwadawa, sau da yawa sama ta mutu amma gindin lafiya lau.

Ƙwari kuma tare da tukunyar suke shigowa, a waje akwai masu cinye su a ɗaki babu. Kafin ka shigar ka wanke shukar da ruwa mai ƙarfi musamman bayan ganye. Waɗanda suka fi addabar hibiskas da burugmansiya su ne wasu mitsi-mitsin ƙwari dangin gizo-gizo masu son busasshiyar iska mai ɗumi, ido ba ya ganinsu da kyau, ka riƙe farar takarda a ƙarƙashin ganye ka kaɗa, in ka ga ɗigo-ɗigo suna tafiya to sun zo, in har ka fara ganin yanar gizo a tsakanin ganye sun daɗe. Farin ƙuda da darɓa ruwan sabulu mara ƙarfi na maganinsu in ana maimaitawa duk sati, masu farin gari kaman auduga da ke laɓewa a gaɓa kuma a shafa musu sifirit da tsinken goge kunne. Fushiyar da ta yi yaushi ba dalili ka juye tukunyar ka duba, wani lokacin za ka tarar da fararen tsutsotsi a lanƙwashe sun cinye saiwar. Ranar da sanyi ya ɗan sassauta a buɗe ƙofar garejin iska ta ratsa, funfuna mai ruwan toka a rufaffen wuri take yaɗuwa.

Da rana ta fara tsawo, wajen sati 6 kafin lokacin da daskarewa ke ƙarewa a wajenku, sai a matso da masu barci wurin haske da ɗan ɗumi, a datse matattun rassa har inda kore ya fara, a canza ƙasar sama ko a sake tukunya, a ƙara ruwa sannu a hankali gwargwadon yadda ganye ke fitowa. Lantana da bugenbiliya 'yan nauyin barci ne, sauran sun yi kore su suna nan kaman itacen wuta, kar ka yi saurin zubar da su. Fita waje ma ba rana ɗaya ake yi ba, ganyen da ya fito a ɗaki bai san rana da iska ba, kana fitar da shi tsakar rana zai yi fari ya ƙone. Inuwa tukun na 'yan awanni, a maida ciki da yamma, kullum ana ƙarawa har kwana 10 zuwa 14, kuma a ajiye wani yadi mara nauyi kusa saboda daren da sama za ta yi tas ba zato. Banda leda fa, in ta taɓa ganye sanyin ta jikinta yake bi.

'Yan yankan kuma a raba su kowanne da tukunyarsa, a tsinke musu kai in sun yi gaɓa uku dan su yi rassa su cika maimakon su tafi sama siriri. A fushiya duk tsinkewa ɗaya tana ja da fure baya kusan wata biyu, dan haka ka lissafa lokacin da kake son ganin furen ka daina tsinka tun kafin nan.